Kakar NASCAR (gasar tseren motoci ta Amurka) ta 2022: wai Logano ne gwani ko tsari ne ya miƙa masa kofi?

Ɗan Gwammaja:
Salamu alaikum 'yan gida. Ga Daytona 500, tseren buɗe sabuwar kaka, ya ƙarato, 19 ga watan nan na Fabrairun 2023, amma ni wallahi har yau ban huce da abin da aka yi mana a tseren ƙarshe na bara a Phoenix ba. Ku faɗa min tsakani da Allah, mutumin da ya fi kowa cin tsere a shekara, Chase Elliott, har sau 5, shi ne kuma kan gaba a maki da aka gama tsere 26 na farko, a ce ranar ƙarshe Chastain ya taɓa shi ta baya motarsa ta juya ta bugi bangon ciki, shikenan wahalar wata tara ta bi ruwa, ya ƙare na 28 a tseren, na 4 a kakar? Wannan ai ba gasa ba ce caca ce. Joey Logano ya iya mota ban musa ba, amma kofin nan tsari ne ya ba shi.

Na Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Hhhh an fara kukan shekara. Abokina Logano shi ya tashi a sahun farko ranar nan, cikin zagaye 312 ya ja gaba a 187, kuma shi ya ci tseren gaba ɗaya, ba wai ya lallaɓa ya wuce mutum ukun da yake takara da su ba ne kawai. Ko da ba a taɓa naka ba da wace motar zai kamo shi?

Ɗan Gwammaja:
Rana ɗaya kenan kake magana a kai. Ni shekara nake magana.

Auta:
Yayyena ku yi haƙuri ni sabo ne, bidiyon mutumin nan da ya bi jikin bango ne ya jawo ni group ɗin nan. Wai ya tsarin yake ne? Na ɗauka wanda ya fi maki shi ke ɗaukar kofi kamar Firimiya.

Direban Tirela NC:
Auta zauna ka ji tsarin da aka bi a 2022. Tsere 36 ake yi a kaka. 26 na farko su ne na share fage, duk wanda ya ci ko ɗaya a ciki kusan ya samu tikiti, ana neman mutum 16. Sauran tsere 10 ɗin sili ɗaya ƙwale ne, bayan kowane tsere uku a zubar da mutum huɗu, 16 su koma 12, su koma 8, su koma 4. To waɗannan huɗun in an je tseren ƙarshe sai a shafe duk makin da suka tara su tashi daidai, wanda ya riga sauran ukun tsallake layi shi ne zakara ko da na goma ya zo. Amma fa sauran motocin duka suna cikin fili ana tseren da su, ba huɗun kaɗai ake bari ba. Bara huɗun su ne Logano, Chastain, Christopher Bell da Elliott.

Auta:
Toh kamar a buga Firimiya har wasa na talatin sannan a ce an koma Champions League kenan

Ɗan Gwammaja:
Yawwa ƙanena, ka ga kai da ka zo jiya ma ka gano shirmen. Dubi Martin Truex Jr, na 4 a maki cikin dukkan direbobi da aka gama tsere 26, amma bai shiga cikin 16 ba don bai ci ko ɗaya ba, Blaney ya ƙwace gurbin ƙarshe da maki 3 kacal. Shi kuwa Austin Dillon da yake can ƙasa, ruwan sama ya sauko a Daytona motocin gaba suka tarwatse a kwana ɗaya ya ratsa ta tsakiyarsu, daga baya ya ci tseren ya shige. Wa ya fi wani a tsakanin su biyun nan don Allah?

Na Maraɗi:
Ina da tambaya ɗaya gare ka kuma kar ka gudu. A 2020 wa ya ci tsere 9? Kevin Harvick. Ya shiga huɗun ƙarshe? Bai shiga ba. Wa ya ɗauki kofi shekarar da tsere 5? Mutuminka Elliott. Lokacin tsarin yana da daɗi ko? Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Maman Hanif:
Hhhhh wayyo cikina, Na Maraɗi ka kashe shi

Ɗan Gwammaja:
Anti har da ke? Ni ko a 2020 ɗin na ce an cuci Harvick, kofi dai in an miƙo maka ba za ka ce a mayar ba. Abin da nake cewa a gyara ne, ko da tsere uku na ƙarshe a haɗa a fitar da zakara maimakon guda ɗaya, kuma a daina kai shi Phoenix duk shekara filin da wucewa ke da wahalar tsiya.

Oga Bakanike:
Yara kuna ta faɗa a kan kofi kun bar babbar magana. Shekarar bara ta mota ce ba ta direba ba. Ni da nake kwana cikin baƙin mai a Kofar Ruwa abin da na zuba wa ido kenan tun daga tseren gwaji da suka yi cikin filin ƙwallo na Los Angeles. Sabuwar motar nan Next Gen ta sauya komai. Da can noti biyar ne a kowace taya, yanzu guda ɗaya ne babba a tsakiya, rim ɗin ya tashi daga inci 15 na ƙarfe ya koma 18 na alminiyam, giya ta tashi daga huɗu ta koma biyar kuma ba irin wadda ake lalube ba ce, ja baya kawai ka ƙara, tura gaba ka rage. Ƙafafun baya kowace ta zama mai zaman kanta. Amma wanda ya fi duka, da kowane kamfani shi ke ƙera motarsa a garejinsa, mai kuɗi ya zuba injiniyoyi ya bar talaka a baya, yanzu kuwa kusan duk kayan wuri ɗaya ake sayowa kuma ba ka isa ka taɓa su ba, Keselowski da aka kama motarsa da gyaran wani abu a farkon shekara maki 100 aka zaftare masa. To shi ya sa kuka ga mutum 19 daban-daban sun ci tsere a kaka ɗaya, biyar a cikinsu ma karo na farko kenan a rayuwarsu, Cindric, Briscoe, Chastain, Suárez da Reddick. In mota ta zo ɗaya dole kofi ya zama na wanda ya dace a ranar.

Auta:
Oga wai da gaske Camry ce irin tamu ta kan titi? Na ga an rubuta a gaban wasu

Oga Bakanike:
Suna ne kawai ɗana. Camry ɗinka tayar gaba ke ja, waccan ta baya ce ke turawa, injinta mai silinda 8 ne da ƙarfin doki wajen 670, ba ta da ƙofa ta taga ake shiga, fitilun gaban ma da kake gani sitika ce aka manna. Haka Mustang ta Ford da Camaro ta Chevrolet, fuska ce ta bambanta da injin, ƙashin ciki duk ɗaya.

Maman Hanif:
Oga ku yi haƙuri amma kun yabi motar nan kun manta da mutanen da ta nakasa. Kurt Busch fa? Ya bugi bango da baya a Pocono wajen gwajin neman sahu, bugun da in ka gani ba za ka ce wani abu ba ne, amma ƙwaƙwalwarsa ta girgiza bai sake shiga mota ba har kaka ta ƙare, mutumin da ya riga ya ci Kansas yana da tikitinsa a hannu dole ya ajiye. Alex Bowman ma haka a Texas, tsere biyar ya rasa. Ga Harvick da motarsa ta kama da wuta a Darlington ba tare da ya bugi komai ba, ya fito yana zagin kayan da aka haɗa ta da su a gaban kyamara.

Oga Bakanike:
Gaskiyarki Hajiya, kuma dalilin a fili yake. Bayan motar sun yi shi da ƙarfi fiye da kima. Mota in ta bugi abu so ake ta lotse, lotsewar nan ita ke shanye bugun, in ƙarfe ya ƙi lanƙwasa to jikin mutumin da ke ciki shi zai karɓa. Mu ma nan in aka kawo mana motar da ta yi haɗari mai gida yana murna wai ko kwarzane babu, sai ka tarar shi ne wuyansa ba ya juyawa. Sun ce sun sake fasalin ƙarfen bayan don kakar bana, sai mu gani. Maganar noti ɗaya kuma tana da nata sharrin, in bai zauna ba taya gaba ɗaya ke ficewa ta kama hanyarta, sau nawa muka ga haka bara, kuma hukuncin a 2022 dakatar da shugaban makanikai ne tsere huɗu shi da mutum biyu.

Direban Tirela NC:
Tunda Auta ya ambaci bango bari in ba ku yadda abin yake a ido, don ina Martinsville ranar 30 ga Oktoba, daga inda nake zaune a North Carolina (NC) ba nisa, kan iyakar Virginia ne. Filin ƙarami ne ƙwarai, rabin mil da 'yan kai, miƙe biyu da kwana biyu masu matsewa, zagaye 500, birki ake ci kamar ba gobe har ka hango faifan birkin ya yi jajir. Ƙara kuwa sai ka toshe kunne, wanda ke kusa da kai ma da hannu kuke magana, ga warin taya da ɗan baƙin garin roba da ke sauka a kan riga. To zagayen ƙarshe Bell ya riga ya tafi da tseren, kowa ya miƙe ana tafi, direba Denny Hamlin yana cikin huɗun ƙarshe Chastain yana waje, yana na 10 kuma wuri biyu yake buƙata. Kawai sai muka ga motar Chastain mai lamba 1 ta ƙi taka birki a inda kowa ke takawa, ya saka giya ta biyar ya manna gefen dama da bango ya bi kwanar gaba ɗaya a guje, hayaƙi na tashi, sauran motocin kamar a tsaye suke. Wallahi na ɗauka totur ne ya maƙale masa. Mutumin da ke gefena wani dattijo da hular Hamlin ya buɗe baki ya kasa rufewa. Daga na 10 ya tsallake layi na 5 yana gaban Hamlin da ɗan kaɗan, zagayen a daƙiƙa 18.845, abin da ba a taɓa yi ba a filin da irin motocin nan. Sai da aka nuna a babban allo sannan wurin ya kaure, har masu ƙinsa suna ihu. Shi kuma da aka tambaye shi ya ce yana yaro yake yin haka a wasan bidiyo na GameCube.

Auta:
Kai! Oga NC ka more wallahi. Ni sau ba adadi na kalla na ɗauka an ƙara wa bidiyon sauri ne

Na Maraɗi:
To Ɗan Gwammaja ka ji. In da tsohon tsarin tara maki ne wa zai kashe motarsa a bango don wuri biyu? Zai lallaɓa ya karɓi na 10 ɗinsa ya tafi gida. Tsarin da kake zagi shi ya haifi abin da duniya duka ta kalla, har waɗanda ba su san NASCAR ba irin Auta. Haka Bell, sau biyu yana bakin fita dole sai ya ci, ya ci a Charlotte ya sake ci a Martinsville. Kuma ka tuna dalilin da aka bar tsohon tsarin, a 2003 Matt Kenseth ya ɗauki kofi da tsere ɗaya tal alhali Ryan Newman ya ci 8, kuma tun kafin tseren ƙarshe an gama magana.

Ɗan Gwammaja:
Ai ka kawo min hujja da kanka. In abin kirki ne me ya sa su da kansu suka hana shi satin nan? Sun ce duk wanda ya sake bin bango za a hukunta shi. Wato ka ƙirƙiro tsarin da ke tura mutum ya yi hauka, ka yi talla da haukan wata uku, sannan ka ce haramun ne. Kuma Hamlin da ya yi tuƙi mai kyau ranar, ya ja gaba zagaye kusan 200, shi aka kora.

Direban Tirela NC:
Hanawar dai daidai ce, akwai ƙofar shiga a jikin bangon nan, da wani abu ya kama motar da labarin ya sha bamban. Amma maganar Hamlin ni ban ji tausayinsa sosai ba, rigimarsu da Chastain tun Gateway take a watan Yuni, aka sake a Atlanta, shi ma ya rama a Pocono ya matse shi da bango. Kuma a Poconon ne ya ci tsere aka ƙwace saboda wani salatif da aka samu a ƙarƙashin fentin gaban motarsa, shi da Kyle Busch da ya zo na biyu, rabon da a ƙwace wa wanda ya ci tun 1960. Wa aka ba? Elliott da ya zo na uku bai ja gaba ko zagaye ɗaya ba. Don haka biyar ɗin nan da ake ta yi mana gori da su, huɗu ne da kyauta ɗaya.

Ɗan Gwammaja:
Haba Oga NC kai ma? Doka ce ta ba shi ai ba roƙa ya yi ba

Na Maraɗi:
Logano ma doka ce ta ba shi hhhh

Maman Hanif:
Ku bar su su biyun nan ba za su gama ba. Ni kakata ta yi daɗi ranar 11 ga Satumba da Bubba Wallace ya ci Kansas. Tun da ya ci Talladega a 2021 ake cewa ruwan sama ne ya ba shi don an tsayar da tseren, to wannan ba ruwa ba komai, ya ja gaba ya tafi, mai gidansa Hamlin na biye da shi a na biyu ya kasa kamo shi, kuma a motar Kurt mai lamba 45 ya yi. Baƙar fata na biyu da ya taɓa cin tsere a babban rukuni bayan Wendell Scott a 1963, ku duba tsawon shekarun. A Daytona 500 ma ƙiris ya rage, Cindric ya riga shi da abin da bai kai tsawon mota ba. Na tashi yara da ihu daren nan har maigidan ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

Na Maraɗi:
Anti sai ki ƙarasa da Las Vegas mana

Maman Hanif:
Zan ƙarasa, ba na kare Bubba. Larson ya matse shi ya bugi bango, shi kuma ya bi shi ya ɗauke masa baya a wannan gudun, da motar da kowa ya san tana jikkata mutane, ya haɗa da Bell da ba ruwansa kuma ɗan Toyota ɗan'uwansa, sannan ya fito ya je yana hankaɗa Larson. Dakatarwar tsere ɗaya ta dace. Abin da ya ba ni haushi shi ne Byron ya juya Hamlin a Texas ana ƙarƙashin tutar rawaya, aka cire masa maki 25, ya ɗaukaka ƙara aka mayar masa da makinsa aka ce ya biya tara kawai. Tara a wurin Hendrick mai kamfanin su Byron ai kuɗin shayi ne.

Oga Bakanike:
Gudun ba ɗaya ba ne Hajiya, wancan ana tafiya a hankali ne wannan kuwa totur a ƙasa. Amma mayar da makin ni ma bai min ba.

Auta:
Wai shi mai bangon me ya haɗa shi da kankana ne, duk hotonsa sai na gan ta

Direban Tirela NC:
Gadon gidansu ne, manoman kankana ne a Florida kaka da kakanni, shi ne tsatso na takwas. In ya ci tsere sai ya hau kan rufin mota ya ɗaga kankana ya maka da ƙasa, ya tsinci ɓari ya ci ana masa tambayoyi. Bara sau biyu ya fasa, Austin da Talladega. Kamfaninsu Trackhouse shekararsa ta biyu kenan fa, na Justin Marks da mawaƙin nan Pitbull, kuma abokin aikinsa Daniel Suárez ya ci Sonoma ya zama haifaffen Meksiko na farko da ya ci a babban rukuni. Har Kimi Räikkönen na Formula 1 suka kawo ya gwada a Watkins Glen. Ni a wurina su ne kamfanin shekara ba Penske kamfanin su Logano ba, duk da tsohon mai kamfanin ya haɗa kofin NASCAR da na IndyCar a shekara ɗaya.

Ɗan Gwammaja:
Mutumin da ya bugi rabin fili kafin ya kai na biyu a kaka shi ake yabo. Allah ya kyauta. Bana zai biya bashi, Hamlin bai manta ba, Elliott ma bai manta ba.

Oga Bakanike:
Wanda na ji wa ni Bell ne. Safiyar tseren ƙarshe aka wayi gari Coy Gibbs ɗan mai kamfaninsu ya rasu cikin barci yana da shekara 49, awanni kaɗan bayan ɗansa Ty ya ɗauki kofin ƙaramin rukuni sun yi hoto tare. A haka yaron ya shiga mota neman kofi, ya ƙare na 10.

Maman Hanif:
Wallahi ranar jikina ya yi sanyi. Ga shi Ty ɗin ne zai gaji kujerar Kyle Busch bana, shekara 15 Kyle yana gidan Gibbs, masu alewar M&M's suka janye kuɗinsu aka rasa mai ɗaukar nauyi ya koma wurin Richard Childress lamba 8. Ganinsa a Chevrolet zai yi min banbaraƙwai.

Na Maraɗi:
To a ajiye magana tun yanzu kar a zo Nuwamba ana kame-kame. Ni Logano zai maimaita.

Ɗan Gwammaja:
Elliott, kuma ko ya ci zan ci gaba da zagin tsarin, ku rubuta ku ajiye.

Maman Hanif:
Reddick tunda ya koma 23XI kamfanin su Bubba, Bubba kuma ya shiga cikin 16 in sha Allahu

Oga Bakanike:
Ni Harvick zan bi, ya ce bana ce ta ƙarshe, tsoho ya san tsoho.

Auta:
Ni mai kankana. Ƙarfe nawa za a fara Daytona a agogonmu?

Direban Tirela NC:
Biyu da rabi na rana a nan, takwas da rabi na dare kenan a Najeriya da Nijar, amma ka ƙara kusan rabin awa na addu'a da taken ƙasa da jirage kafin a saki motoci. In ruwa bai sauko ba za a kai wajen sha biyun dare.

Ɗan Gwammaja:
Da wannan layin man da rashin takardar kuɗi sai dai in fara tara man janareta tun yau. Oga in kana da galan ɗaya a gareji ka ajiye min, transfa zan yi.

Oga Bakanike:
Transfa ba ta shiga, ka zo da kuɗi a hannu ko ka zo mu kalla a nan, amma in Elliott mai lamba 9 ya sake juyawa ba a yi min kuka a shago.